Bindigar Tsohon Maƙwabcinmu

Shekarun da muka zauna a Hindawiyya, wata unguwa a ƙasar Larabawa, maigidana gyaran risho yake yi, wanda mutanen nan ke kira dafur. Hannunsa na da kyau, amma bakinsa ya fi hannun. Duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya ji cewa kakanninsa ne ke ƙera wa maharba bindiga a ƙasar Katsina. Ni da na san gidansu, na san mahauta ne kaf. Ban taɓa tona shi ba.

Cika bakin nan ne ya jawo mana wani tsohon Balarabe, maƙwabcinmu, wanda matarsa ta rasu. Ya shigo da bindiga naɗe cikin darduma, ta wani ɗan'uwansa da ya yi soja. Akwai wani ƙarfe mai kauri kamar zobe da ya rungume bututunta, inda hayaƙin harsashi ke bi. Tsatsa ta cinye shi, ya ƙi motsi, tsohon yana so a cire a wanke.

Maigida ya ce ƙaramin aiki ne. Baƙon na fita maigida ya zauna daɓas yana salati, don ba mu da igama, wato takardar izinin zama, ga bindiga a ɗaki. Na tambaye shi a hankali ko kakannin nasa ta baki suke fara riƙe ta ko ta gindi.

Sai da ya leƙa ya tabbatar babu harsashi, sannan ya bugi 'yan ƙusoshin da ke riƙe da zoben suka fita. Zoben dai ko gezau. Ya jiƙa shi da kananzir ya kwana, ya ɗora katako ya yi ta dukansa da guduma har ya fasa babban yatsansa. Ni kuwa ina tankaɗe ina rera masa kirarin maƙera.

Kullum bayan azahar tsohon zai zo duba aiki, daidai lokacin da nake kwashe tuwo. Ranar farko ya ce shi ba ya cin miya mai wannan launi. Kafin mako ya zagayo yana suɗe kwanon miyar kuka yana tambayar ko da saura.

A ƙarshe maigida ya gasa zoben da wutar risho, ya sayo ƙanƙara ya ɗora wa bututun, ya ba shi duka ɗaya. Zoben ya fice, ya gangara har ƙarƙashin randa. Maigida ya yi ta zagaye tsakar gida kamar ango. Tsohon ya karɓi bindigarsa a wanke, ya yi godiyar da ba ta kai ciki ba.

Ranar Asabar sai ga shi da dardumarsa. Wai zoben ya sake maƙalewa. Maigida ya duba, ya ga an sa shi a baibai, ga sawun dutse sabo fil a jikinsa. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi daga bayan labule, na kira tsohon baffa da Larabci.

"Ya ammi, mayar da bindigar nan gida ta huta. Tuwon ba sai da ita ba."

Tsohon ya shafa gemu. Can ya jingine dardumar a bango, ya nemi ruwan wanke hannu, ya ce in dai haka ne a ƙara masa yaji.