Hannun da Ya Ƙi Taɓa Cinyar Yamusa

Da an idar da sallar asuba, Baba Mika'ilu mai tausa yakan shimfiɗa tabarmarsa a bayan rumfunan ayaba na kasuwar Zuba, ya ajiye kwalbar man kaɗanya. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Direbobi da 'yan dako ne mutanensa, kukansu kuma kusan ɗaya ne, ciwon cinya. Wani tsoka ce ta yage wurin sauke buhun lemo, wani jijiya ce ta taso daga ƙugu, wani kuwa gajiya ce kawai da son a lallashe shi. Baba ba ya ɗora hannu sai ya yi tambaya, har ana yi masa tsiya wai ya fi ɗan sanda bincike.

Bara yayana Yamusa ya iso daga Binuwai bayan kusan kwana biyu yana kai da kawo a kan sitiyari, yana jan ƙafar hagu. Ni na riƙo shi zuwa wurin Baba. Cinyar ta kumbura, ta yi zafi.

"Ka faɗi ne?" in ji Baba.

"Ban faɗi ba. Baba, murza kawai, oga na jira na in yi lodi."

Baba ya rufe kwalbarsa. "Ba zan taɓa ba. Ku tafi asibiti yanzu."

Yamusa ya gaya masa baƙar magana a gaban jama'a, ni ma na ji haushin tsohon. Bai rama ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Aminina Ɗangoggo direba, haka tasa cinyar ta yi. Na murza masa da ƙarfina duka, yana sa mini albarka. Ya miƙe, ya dafe ƙirji. Kafin la'asar mun binne shi."

Nan take muka tafi asibiti. Likita ta ce jini ne ya daskare a jijiya saboda dogon zama, da an murza zai iya ɓallewa ya toshe huhu. Yamusa yana nan da ransa, yana shan magani, sai dai doguwar tafiya ta ƙare masa.

Watan jiya Baba ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauyensu wajen Bwari, don hannu ya soma rawa. Ina jin tsoro, domin waɗanda suka gaji wurin duk ƙafar da aka miƙo murza ta suke yi.

Baba Mika'ilu, kai ne ka ɗauki mutuwar amininka shekara ashirin ba ka ɗora wa ƙaddara kaɗai ba. Kai ne ka yarda a zage ka don kada a sake wanke gawa a dalilinka. Masu tausa, ku yi tambaya kafin ku buɗe kwalba, kamar yadda ya yi. Dubban mutane na gode maka da tausar da ka yi musu, Baba. Mu a gidanmu, wadda ka ƙi yi muke gode maka.