Tafarnuwar Maman Catherine

A Gangaren Tudu, cikin garin Keffi, akwai wani gida da aka kewaye da itatuwan zogale maimakon katanga. Gidan Febi Malachi ne, wadda maƙwabta ke kira Maman Catherine. Idan iskar yamma ta taso, ƙananan ganyayen kan zubo a hankali cikin tsakar gida, ita kuma tana kan kujerar roba tana kallonsu, hannuwanta a kan cinya.

Aikin buga takardu ta yi a wata ma'aikata a Abuja har ta yi ritaya, amma ba ta taɓa zama a can ba. Kullum da asuba take shiga bas, ta ratsa Masaka da Mararaba da Nyanya. Ta san hanyar tun gefenta gonakin doya ne da dogayen ciyayi, har gidaje suka yi ta tsirowa suna haɗewa da juna, aka daina gane inda wani gari ya ƙare wani ya fara. A cikin mota take karyawa: fanke, ƙosai, soyayyar doya da ake miƙowa ta taga idan motoci sun cunkushe. Sauran tafiyar gyangyaɗi ne. Ta ce a cikin gyangyaɗin nan abu ɗaya take gani, wato ranar da za ta farka babu inda za ta, sai inuwa da shiru.

Ranar ta zo, amma ba ta daɗe ita kaɗai ba. Yayarta Susana ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mijin Susana ya rasu, ba ta da ɗa a raye, Catherine 'yar Febi kuma tana aure a Lafiya. Febi ta ɗauko yayarta ta kawo ɗakinta. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke juya ta a kan gado. Idan Febi ta kwanta ciwo, babu mai yin wannan.

Wata Asabar ma'aikatan lafiya suka zo cocinsu suna auna mutane. Suka ɗebi jininta, daga baya suka ce ta je asibiti. Likitar da ta gani, wata matashiya mai suna Zubaidatu, ta yi mata bayani a tsanake: kitse ya yi yawa a jininta, abin da suke kira kolestarol. Ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi, sai dai yana ƙuntata hanyoyin jini a hankali. Da ta ji labarin Susana, sai ta rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum da yamma.

Febi ta tambaya, "Har yaushe, likita?"

"Mama, wannan ba irin maganin zazzaɓi ba ne da ake sha a gama. Zai ɗauki lokaci mai tsawo."

Wannan amsar ce ta tsaya mata a rai. A saninta magani yana da farko yana da ƙarshe. Wanda ba ya ƙarewa na waɗanda suka riga suka kwanta ne, irin Susana. Ta dawo gida ta ɗora kwalin a saman kabad.

Maƙwabciyarta Hajo, mai sayar da kayan yaji a kasuwa, ta ji labarin ta tsakanin itatuwan zogale, inda suka saba hira ba tare da kowa ta bar gidanta ba.

Hajo ta ce, "Maman Catherine, ke da kike zaune a tsakiyar magani kina neman ƙwaya? Dubi abin da ya kewaye ki. Ga zogale, ga zoɓo, tafarnuwa kuma ni ce uwar ɗakinta."

"Hajiya, ke dai kina neman mai saye."

"Da ciniki nake nema da na fara da masu haƙora."

Washegari Febi ta haɗiyi tafarnuwa ɗanya kafin ta karya. Ƙirjinta ya yi zafi har rana ta take. Da ta faɗa wa Hajo, sai Hajo ta yi dariya ta ce ai ba a haɗiyarta haka tsirara. Ta tuna mata yadda iyayensu mata ke yi da duk wani magani mai ɗaci ko yaji: a lulluɓe shi da man shanu, ya wuce ba tare da ya taɓa maƙogwaro ba. Febi ma ta san haka, da shi aka rene ta. Hajo tana da wata Bafulatana da ke kawo mata mai kyau, fari tas, a cikin ƙwarya.

Haka aka shiga damina. Kowace safiya cokali cike da man shanu, tafarnuwa a tsakiyarsa. Da rana dafaffen zogale, a zuba masa soyayyen man shanu don ya yi santsi. Da yamma zoɓo ba sukari. Ta ce waɗannan watannin sun yi mata daɗi ƙwarai. Takan zauna kusa da Susana ruwa na sauka a kan kwano, ta rufe ido tana ganin kitsen yana narkewa a jikinta, yana bin hanyoyin jini yana fita kamar yadda ruwan ke bin gangare. Matan ƙungiyar mawaƙan coci suka fara cewa tun kafin ta shigo suke sanin ta iso, saboda warin tafarnuwa. Ba ta damu ba. Jikinta ba ya ciwo, ta ɗauka alamar sauƙi ce.

Da ruwa ya ɗauke ta koma asibiti da fara'a. Aka sake auna jinin. Kitsen bai ragu ba, ya ƙaru.

Likita Zubaidatu ta tambaye ta ko tana shan ƙwayar. Febi ta ce a'a, ta lissafo abin da take sha. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce zogale da zoɓo da tafarnuwa abinci ne masu kyau, ta ci gaba da su, amma ga mace mai irin jininta da tarihin gidansu ba za su tsaya a madadin ƙwayar ba. Sannan ta tambayi yadda take iya haɗiyar tafarnuwa ɗanya kullum.

"Da man shanu mana. Cokali guda."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce, "Mama, man shanu yana cikin abubuwan da ke ƙara irin wannan kitsen."

Febi ta kalli labulen taga. A rayuwarta ba ta taɓa sa man shanu cikin abin da ke cutarwa ba. Abin ba wa mai jego ne da wanda ya tashi daga ciwo.

Da ƙafa ta dawo gida, ba ta hau babur ba. Ta tarar Susana ta zame daga kujera ta karkace gefe, kofin ruwa yana nesa da hannunta mai aiki, idanunta a bakin ƙofa. Febi ta sa hannuwa a hammatarta ta ɗago ta. Ta ji nauyin har cikin bayanta.

"Sannu, Yaya. Na daɗe."

Bayan abincin yamma ta ba Susana magungunanta kamar kullum. Sannan ta hau kan ƙaramar kujera, ta lalubo kwalin a saman kabad, ta goge shi da gefen zane. Ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ƙarama ce fiye da yadda take tunawa. Da sauran ruwan kofin Susana ta haɗiye ta.

Hajo ta ji labarin washegari ta tsakanin itatuwa. Sai ta tambayi ranar da likitar ke zama, don ita ma ta je a auna ta.