Malam Abdulbaƙi, Wanda Ya Koya Wa Mikail Jira

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaƙi Ilu na unguwar Sheshe, tsohon malamin motsa jiki, wanda ya koya mana wasan besbol a wani fili bayan Ƙofar Dawanau.

Malam, da ka dawo daga kwas a kudu da sanda da safar hannu, 'yan unguwa dariya suka yi, wai ka kawo wasan da ɗaya ke jifa, ɗaya ke duka, saura na shan rana. Ni ne mai tsugunawa bayan mai duka ina cafe ƙwallo, don haka abin da zan faɗa a tafin hannuna na ji shi.

Mikail na Zaitawa ne mai jifan da ke buɗe mana wasa. A farkon wasa babu mai iya taɓa ƙwallonsa, amma kafin wasa ya kai rabi sai hannun ya mutu, a yi ta dukan ƙwallonsa har mu gaji da gudu. Mutanenmu suka ce a sallame shi. Kai kuwa sai ka bi shi wurin sana'a, ka tarar tun safe yake bugun shadda, da ita yake ciyar da mahaifiyarsa. Ragowar kafaɗa yake kawo mana fili.

Ba ka ce ya bar bugu ba. Cewa ka yi daga ranar ba zai ƙara buɗe wasa ba, zai zauna sai zagayen ƙarshe ya karɓi jifa. A wurinmu kuwa wanda aka zaunar a benci an gama da shi. Mikail ya ajiye safarsa zai tafi, ka ce, "Masu farawa ina da su, Mikail. Wanda zai karɓa in kowa ya gaji nake nema."

Ya zauna, fuska a murtuke. Ka rage masa atisaye, ka hana shi ɗaga hannu sai ka yi masa alama. Shekaru yana rufe mana wasa, kafaɗar kuma har yau tana bugun shadda.

Ranar jana'izarka mutane na ta karɓa-karɓar makara, Mikail na biye a baya bai ko taɓa ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yau ma ɗin? Sai da muka shiga maƙabarta, kafaɗu sun gaji, ya matso ya sa tasa ta dama, bai saki ba sai bakin kabari. A nan hawaye suka ƙwace mini.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Turai, da 'yarka Nana Hauwa, da dukan dangi a Sheshe. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.