Musabaha da Hannun Hagu

A shekarata ta uku a Riyad, kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ya ba ni tuƙin wani Bature injiniya. Ina kwana a unguwar Suwaidi, mu biyar a ɗaki ɗaya. Shi kuwa yana cikin irin gidajen Turawan nan masu doguwar katanga da masu gadi a bakin ƙofa. Siriri ne, ya haura hamsin, kuma ba abin da ya ɗauka da zafi kamar gudu.

Duk Juma'a bayan Asuba sai in kai shi bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Can yake haɗuwa da abokansa su yi ta zabga gudu awa biyu ko uku, ba wanda ya koro su. Aikina in bi su a hankali da mota ina miƙa ruwa. Da farko haushi abin yake ba ni. Ranar hutu ɗaya tal, ina tafiyar hawainiya a bayan tsofaffi masu gajeren wando.

Wata Juma'a igiyar da ta ɗaure kular ruwa ta kwance, na sauka na sake ɗaure ta. Ya tsaya yana kallon ƙullin, yana haki.

"A ina ka koyi wannan?"

Na ce, "Oga, na yi sikawut a sakandare, a Gusau."

Sai ya miƙo mini hannun hagu. A gida, wanda ya miƙo maka hagu raina ka ya yi, amma 'yan sikawut haka muke gaisawa, kuma rabona da wannan gaisuwa shekara goma sha biyar. Ashe shi ma ya daɗe yana jagorantar 'yan sikawut a ƙasarsu. Na kama hannun, wallahi har ƙwalla ta taru mini. A garin da kowa ke kirana da "ya sawwag", wato kai direba, sai ga wanda ya gane ni da wani abu daban.

Sati na gaba ya kawo mini takalmin gudu. Direban abokinsa ya karɓi rabon ruwa, ni kuma na shiga sahu. Ranar farko na yi amai a gindin wani dutse, suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Kafin wata huɗu ina gama zangon tare da su. Abokan ɗakina suka samu abin tsokana, wai na bar Gusau na zo ƙasa mai tsarki koyon tsere da iska. Ban damu ba. Sauran kwana shidan ni sitiyari ne da ƙafa. Safiyar Juma'a kaɗai nake jin ni mutum ne, kuma kullum da hagu muke rufe gudun.

Akwai wani aike da yake yi mini duk bayan sati biyu: katan shida na ruwan inabi fari, da sukari mai yawa, da yis. Ni da wautata na ɗauka mutumin nan yana son zaƙi ne kuma yana gasa burodi.

A babban kantin da nake sayo kayan akwai wani dattijo ɗan Damagaram mai tattara kekunan tura kaya, wanda muke haɗuwa da shi wurin cin tuwo a unguwar Utaiƙa. Rannan yana taya ni lodi, sai ya dafa but ɗin motar.

"Ɗana, wannan kaya na wane ne?"

"Na mudir ne, Baba, ogana. Yana son inabi."

"Inabi? Kai ko yaro ne? Giya suke haɗawa da shi a banɗaki. Mai kashiya ya sani, ni na sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba. In shurɗa, wato 'yan sanda, suka bi sawu, shi yana da ofishin jakadanci. Kai tarhil za a kai ka, gidan korar baƙi, a sa ka a jirgi da rigar jikinka."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wata bakwai ina dakon kayan giya, ina sallah a kan lokaci, ina ganin kaina wayayye. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin da yake kirana ɗan'uwa ya san abin da yake ɗora mini, bai taɓa tambayata ko na yarda ba.

Kwana biyu ina juya maganar, don na san abin da zan iya rasawa. A na uku, muna tsaye a danja, na ce, "Oga, ba zan ƙara sayo inabin nan ba. Na san abin da ake yi da shi."

Ya yi 'yar dariya. "Ruwan 'ya'yan itace ne kawai ka saya. Mafi mushkila, ba matsala. Ai ɗan sikawut mai taimako ne."

Nan zuciyata ta hau. Na ce, "Ɗan sikawut kuma ba ya tura ɗan'uwansa inda shi yake tsoron zuwa. Addinina ya hana ni ɗaukar giya, iƙamata kuma ɗaya ce."

Aka ba mu hannu, na ja mota. Daga baya ya ce, "To, na gane." Bai yi faɗa ba, bai kai ƙarata kamfani ba. Da ma ya yi faɗan, da na samu inda zan sauke abin da ke cina.

Juma'a na zo da takalmina a leda. Muna isa ya ce direban abokinsa ya gaji da rabon ruwa, gara in koma mota. Ga direban nan zaune a inuwar motarsa yana latsa waya, garau da shi. Na bi su awa biyu da rabi a giya ta ɗaya, ina kallon duga-dugansu, ƙafafuna suna ƙaiƙayi a kan totur.

Da suka gama ya zo ya karɓi gorar ruwa, ya shanye, ya ce na gode, sannan ya miƙo hannu. Ni har na ɗaga hagu. Na dama ya miƙo mini, cikin ladabi, yadda ake gaisawa da direba.