Na Ɓuya Cikin Kwamfuta Bayan Rasuwar Ƙanwata

A wancan lokacin ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin gwamnati da ke Bilbis. Na haura arba'in, 'ya'yana sun tasa, maigidana yana sana'ar hatsi a Gusau yana zuwa mana ƙarshen mako. Babu unguwar da ban karɓi haihuwa a cikinta ba. Kwamfuta kuwa ban taɓa kai hannu kanta ba, ko wayata kira da amsawa kaɗai na iya.

Ƙanwata, autar gidanmu, ta taso daga Kekun Waje ta zo ta haihu a wurina, don ta ce hannuna kaɗai ta yarda da shi. Ta sauka lafiya da hantsi, ta samu 'ya mace, sai jini ya ɓalle. Na yi duk abin da na sani bai tsaya ba. A kwanakin an rufe layukan waya a yankinmu, ba halin kiran mota, sai da aka bi gari ana nema da ƙafa. Da aka samu muka nufi babban asibiti a Gusau, mun wuce Tsafe kaɗan ta cika, kanta a kan cinyata. Ban yi kuka ba. Innarmu ta ɗauki jaririyar ta koma da ita Kekun Waje, ni kuma na koma bakin aiki. Mace ta farko da aka kawo mini tana naƙuda, na tsaya a kanta hannuwana suka ƙi motsi, sai abokiyar aikina ce ta karɓe ta. Na ajiye aikin, na tattara na bi maigidana unguwar Tudun Wada a Gusau.

A can nake wuni zaune a tsakar gida. Maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Filato da ke aiki a sakatariya, ita ta gaji da ganina haka. Ta ce akwai wata cibiya da ake koya wa mutane rubuta wa kwamfuta umarni, abin da yara ke kira kodin, kuma ba a tambayar shekaru. Ta ara mini tsohuwar laftof ɗin ɗanta. Na je ne kawai don ba ni da ƙarfin yi mata musu.

Ranar farko ko wurin kunnawa ban gane ba. Malamin sa'an ɗana na fari ne, yana ce mini Hajiya, 'yan ajin kuma suna ce mini Inna. Da yatsa ɗaya nake laluben haruffa. Darasin farko shi ne ka sa kwamfuta ta rubuta gaisuwa, kowa tasa ta gaishe shi, tawa ta watso mini jan rubutu. Ashe alamar baka na buɗe a rubutun ban rufe ba. Akwai lokacin da na yi kwanaki ina neman kuskure, ƙarshe waƙafi ne ya zauna inda ba wurinsa ba. Turancin ya fi ƙarfina, sai na riƙa fassara wa kaina: wurin ajiye bayani ya zama kwalbar magani mai suna a jiki, umarnin da ke maimaita kansa ya zama zagayen duba marasa lafiya. A haka abin ya fara shiga. Amma ba sha'awa ce ta riƙe ni ba. Abin da ya riƙe ni shi ne, idan na yi kuskure na'urar tana gaya mini layin da yake, in gyara, in sake gwadawa, kuma babu wanda ya mutu.

Na duƙufa. Idan babu wuta, shagon cajin waya nake tafiya in zauna a benci tun safe har la'asar. Maigidana yana alfahari, yana gaya wa abokansa matarsa ta zama 'yar zamani. Saƙon Innarmu yana zuwa ta bakin masu zuwa cin kasuwa: yarinya ta yi haƙori, ta fara rarrafe, ta miƙe. Kullum amsata ita ce ina da aji. Ba ƙin yarinyar nake ba. Na duba zuciyata ban sami ƙi ba, ban sami so ba, ban sami komai ba.

Da aka zo aikin kammalawa, malamin ya ba ni shawarar in yi manhajar da za ta riƙa tuna wa masu ciki ranar awo, tunda fannina ne. Na ce a'a ba tare da na ɗago kai ba. Na yi ta tsara jadawalin darussan makaranta. Ranar gwaji ta yi aiki tsaf, aji ya ɗauki tafi, ni kuwa ina kallon hannuwansu kamar ruwan da ake yi a wani gari.

Da na kai wa maƙwabciyata labari, ba ta yi murna ba. Ta ce ta yi nadamar ba ni na'urar, don ta ɗauka ƙofa ta buɗe mini, ashe rami ta haƙa. Ta ce ita ma da mijinta ya rasu ta ɓuya cikin aikin coci har 'ya'yanta suka daina kawo mata kukansu. Washegari da kanta ta raka ni tasha, ta tsaya har motar Bungudu da za ta kai ni Kekun Waje ta tashi.

Na tarar da yarinyar tana gudu a tsakar gida, goshinta sak na uwarta. Da ta gan ni ta ɓuya bayan zanen Inna tana leƙen baƙuwa. Inna ta ba ni ruwa, ta bari na huta, sannan ta ce ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kwana ne ya ƙare. Abu ɗaya take jira tun ranar: ni kaɗai ce a motar nan tare da 'yarta, tana so ta ji ko ta samu yin kalmar shahada, da abin da ta faɗa na ƙarshe. Fiye da shekara tsohuwar nan tana ɗauke da wannan tambaya, ni ina can ina farautar waƙafi. Na gaya mata ta yi shahada, kuma ta ce a gaishe da Inna. Na faɗe shi a bushe kamar mai ba likita bayani. Ita ta yi kukan, ni na riƙe mata hannu.

Yanzu ina yi wa wata makaranta mai zaman kanta ɗan aikin manhaja, ina zuwa ƙauye duk Juma'a, ina kuma ganin likita a kan wannan bushewar zuciya. Yarinyar ta fara yarda in goya ta. Har yau hawayen bai zo sosai ba.

Ga mai son koyon wannan ilimi, ana iya koyonsa ko da furfura, ni shaida ce. Sai dai kafin ka zauna gaban na'urar, ka tambayi kanka: wurinta ka nufa, ko wani abu kake gudu? Darasin da ka rufe yau, gobe za ka same shi inda ka bar shi. Mutanen gidanku ba haka suke ba.