Dardumar da Na Shimfiɗa a Kan Gangaren Baba

Lokacin da abin nan ya faru ni ce rediyon gidanmu, irin rediyon da aka manta ba a sa masa wurin kashewa ba. Na shiga babbar sakandare ke nan a nan Greensboro, ina buga ƙwallon kwando, kuma idan na ga ɓera a hanya kafin in iso gida ya zama kura. Mama takan ce a raba maganata gida goma a ɗauki ɗaya. Duk da haka ni ce bakin gidan, domin iyayena daga Nijar suka zo, Hausa da Faransanci suke ji, Turancinsu bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Asibiti, lakwal wato makaranta, ofis, duk ni ake turawa gaba.

Baba direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, har ranar da ya yi haɗari ya koma kan keken guragu. Mun daɗe muna neman gidan da keke zai shiga, har na haddace muryar matar da ke cewa a ci gaba da jira a waya. Irin gidajen nan ba su da yawa, ga tsada. Daga ƙarshe wani Alhaji ɗan garinsu Baba, mai gidajen haya, ya ba mu ɗaya, hukumar tallafa wa naƙasassu tana biyan kaso mafi yawa na hayar bisa sharaɗin gidan ya dace da mai keke. Dacewar kuwa ita ce wani gangaren katako da aka kafa a ƙofa a madadin matakala. Tsayensa ya yi yawa, Baba ba ya iya hawa sai an tura shi, kuma katakon tsakiya ya fara ruɓewa, yana lotsawa kamar burodi. Ni abin dariya na mayar da shi. Har bidiyo na yi ina gangarowa a kan kwali, ina cewa gidanmu ne kaɗai ke da wurin wasan sulu kyauta.

Da aka sanar cewa mai duba gidaje za ta zo daga hukumar, Baba ya kira ni ya ce in ta zo yana so ta san halin gangaren, amma a faɗa da ladabi, kada a kunyata Alhaji. Shi kuma Alhajin ya biyo daga gidansa na Summerfield ya same ni a ƙofa. Ya kira ni 'yata, ya tambayi karatu, sannan ya ce shi tausayinmu yake ji, domin in gidan ya faɗi a duba fitar da mu za a yi, kuma gidan mai keke guda da ya sani babu kowa a ciki yana can McLeansville, tsakiyar gonaki. Ya tafi ya bar ni ina hango kaina a wurin da ko kaza sai ta sayi mota kafin ta je unguwa. Babu bas, babu ƙawayena, babu ƙwallo. Gaskiya ban yi tunanin Baba ba ko kaɗan. Kaina na yi wa kuka.

A gidanmu baƙo baƙo ne, ko mai karanta mita ne. Ranar da matar za ta zo Mama ta soya fanke, ta turara ɗaki, ta sa mu goge har bayan firij. Ni kuwa na jawo tsohuwar dardumar falo na shimfiɗa ta a kan gangaren tun daga sama har ƙasa. Mama ta ga haka ta sa mini albarka, wai na fara hankali, na san karrama baƙo. Matar ta iso, ta ga darduma ja a ƙofa, ta yi dariya ta ce ba a taɓa yi mata irin wannan tarba ba. Har takalmi ta cire. Na tsaya daidai kan wurin da ya ruɓe ina zuba mata surutu don ta bi ta gefe. Da ta ce tana so ta ga yadda Baba ke shiga, na kama keken na tura shi da gudu ina kukan mota, kowa na dariya, ba wanda ya lura cewa shi bai taɓa tayar da hannunsa ba.

Sai ta zauna ta tambayi Baba ko akwai abin da ke damunsa a gidan. Duk wanda ya san dattawanmu ya san ba sa fara magana da ƙorafi. Baba ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, ya gode mata da ta taso, ya yaba wa Alhaji da iyayen Alhaji. Can a ƙarshe ya sassauta murya ya ce sai dai gangaren nan ya fi ƙarfin hannunsa, kuma yana jin tsoron katakon tsakiya. Na juya godiyar nan tsaf, har na ƙara mata gishiri, na ce Baba ya ce gidan ya fi otal. Da na iso kan sai dai, na rufe bakina. Baba yana kallon fuskar matar yana jira ta canza, ita kuwa sai murmushi take tana rubutu. Ya juyo ya dube ni. Amma ba zai ƙaryata 'yarsa a gaban baƙuwa ba. Gida ya ci duba, ta tafi da fanke a leda.

Dardumar ban ɗauke ta ba, don Mama ta ce ta yi kyau a wurin. Aka yi ta ruwa, ta sha ta riƙe, katakon da ke ƙarƙashi ya ƙarasa ruɓewa babu mai gani. Wata ranar Juma'a ina lakwal, Mama tana wurin aiki, Baba ya fito zai jira wanda zai kai shi masallaci. Tayar keken ta burma, ya kife, ya karye a wuyan hannu. Yana kwance cikin yayyafi da farar rigarsa har mai ɗaukarsa ya iso. Mai keke hannunsa ne ƙafarsa. Mutumin da ya sha wahala ya koyi shiga banɗaki da kansa, sai ga shi Mama ce ke ɗaga shi tana share hawaye a ɓoye.

A asibiti 'yan dubiya suka yi ta zagin matar, wai albashi kawai suke ci ba sa duba komai. Alhaji ya zo da lemu yana cewa ai gidan hukuma ta duba ta amince. Baba yana ji, ya san wanda ya yi, sai cewa yake haka Allah ya ƙaddara. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Rediyon gida ya mutu, har Mama ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake.

Ni na kira matar da kaina na faɗa mata komai, ina kuka har Turancin ya gudu. Ta ce ita ma da laifinta, bai kamata ta bar yarinya ta yi tafinta ba, kuma ya kamata ta ɗaga dardumar. Ta ce in gida ya faɗi a duba, mai gida ake fara ba wa'adi ya gyara, in ya ƙi a tsayar masa da kuɗi, ba korar mai haya ake farawa da ita ba. Ta dawo da tafinta mai fassara ta waya, ta ƙi cin fanke sai da ta taka kowane katako. An gina sabon gangare mai sauƙi da abin riƙewa, kuma na ji an bi sauran gidajen Alhajin. Ya daina gaisa da mu, mu kuma muna nan ba mu koma ko'ina ba.

'Yan'uwana da kuke yi wa iyaye tafinta, bakin nan aronsa aka ba mu, ba namu ba ne mu yanke inda muka ga dama. Mai duba gida ba baƙon biki ba ne, a nuna masa inda ya ruɓe. In an tsorata ku da ƙarancin gidaje, ku tambayi hukumar kai tsaye. Hannun Baba har yau yana ciwo in gari ya yi sanyi. Ya yafe mini, amma yanzu duk ofishin da muka je da ƙorafin yake farawa, ya jira in faɗa, ya kalli fuskar mai sauraro har ta canza, sannan ya yi godiya.