Taken Sallamar Malam Badujala

Malam Badujala kowa ke kiransa a makarantar, har sunansa na yanka ya ɓace. Tun yana da baƙin gashi yake koya wa ɗalibai busa da kiɗa a wani ɗaki bayan sito, mai warin man goge tagulla. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure can nesa, gida ya yi masa faɗi. Shi ya sa ko an tashi yakan zauna yana goge begiloli, wai tsatsa yake tsoro. Ina tsatsa! Kaɗaici ne.

Abin da ya fi ji da shi a duniya shi ne taken sallama da ya tsara da kansa, wanda ake busawa ranar yaye ɗalibai. Gajere ne, amma da ƙa'idarsa: 'yan ajin ƙarshe su busa kira, ganguna su yi shiru, sannan ƙannensu su amsa daga ɗaya ɓangaren filin. Wanda ya amsa bana, shi zai yi kira baɗi.

Bana kuwa babu ƙanne. Tun da makarantar ta sayo lasifikar da ke sa kiɗa a taro, yara suka daina zuwa koyon busa, iyaye ma suka ce da busa ba a cin jarrabawa. Ya bi aji-aji yana lallashi, har da cewa busa tana buɗe ƙirji, aka yi ta yi masa dariya. Duk 'yan badujalar da suka rage masu fita ne.

Mai babbar ganga, wata doguwar yarinya, ta ce, "Malam, mu rabu biyu mana, wasu su amsa."

"Mai tafiya ba ya yi wa kansa rakiya," in ji shi. "Ku dai ku yi kiranku."

Shi ya ƙudurta zai amsa. Sai dai haƙoransa na gaba sun zube tun bara waccan, begila kuwa ba ta san girman kowa ba, sai leɓe ya sami majingina take magana. Ya yi ta gwadawa a ɓoye, yau ta fito, gobe ta ƙi.

Ranar yaye, yaran suka jeru suka busa kiran tsaf. Ganguna suka ɗauke. Malam yana tsaye shi kaɗai a ɗaya ɓangaren, ya kafa begila a baki ya hura. Iska ce kawai ta fito, fuu. Ya sake, haka dai. Jama'a suka ɗauka taken ya ƙare, suka ɓarke da tafi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Da taro ya watse, yaran suka mayar da kayan busarsu ɗaya bayan ɗaya, suka yi godiya, suka tafi. Mai ganga ce ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ni fa na ji amsar."

"Kin fi ni kunne, 'yata. Allah ya kiyaye hanya."

Ya bari sai da takunta ya ɓace, sannan ya jawo tsumma ya soma da begilar farko.